Alwatika Ɗari Uku a Rassan Gawo

Ummi, ranar da kika dawo daga Islamiyya kika tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ko hijabi ba ki cire ba, kika ce, "Gwaggo, wai da gaske ke kika goge Babana?" ban ba ki amsa ba. Cewa na yi ki je ki ci abinci kar ya huce. Shekararki bakwai yanzu, kuma ban san yadda ake faɗa wa 'yar shekara bakwai irin wannan magana ba. Bayan sallah za a kai ni gidan mijina a Gumel, ke kuma za ki girma a nan Sule Tankarkar, ki ji labarin a bakin waɗanda suka ji shi a bakin wasu. Shi ya sa na zauna na rubuta miki shi da hannuna. Zan bar wa Inna, kakarki, ta ajiye miki har ki kai lokacin karanta shi.

Sai kin fara sanin aikin da nake yi, in ba haka ba sauran ba zai shiga ba. Kin san wasan ƙwallon nan da ake yi a waya. Filayen da 'yan wasan suke gudu a ciki, da ragar, da benci, da katanga, wani ne ya zauna ya gina su a kwamfuta, kuma a wannan wasan ni ce na gina su. Duk abin da kika gani a ciki an haɗa shi ne da 'yan ƙananan alwatika, masu kusurwa uku-uku, ana jera su gefe da gefe har su ba da siffa. In alwatikan suka yi yawa, abin ya fi kyau da santsi, amma wayar sai ta yi zafi, hoton ya riƙa tsayawa. Mu kuwa don wayoyin mutanenmu muke yi, irin waɗanda ake saye na hannu a kasuwar Maigatari, masu fasasshen gilashi. Saboda haka Nura, shugaban 'yar ƙungiyarmu da ke Kano, ya yanka mini ƙa'ida: kowane fili kada ya wuce alwatika dubu takwas. Aikina kenan, in san abin da zan bari da abin da zan zubar, ta yadda ido zai cike sauran da kansa. A gidan nan Inna ce ta fara gane shi. Ta leƙa kwamfutar tana riƙe da ƙwaryar nono, ta ga layukan, ta juya ƙwaryar ta nuna mini zanen da ke bayanta.

"Ashe aikina kika sata," ta ce. "Ni ma in na cika yanka, ƙwaryar tsagewa take yi."

Baffa, kakanki, bai karɓi abin da sauƙi haka ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa tsakanin garke da kasuwar shanu, ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa hana ni karatu ba. Lokacin da na gama makaranta a Gumel na gaya masa aikin da na samu, kwana biyu bai ce komai ba. A na uku, bayan la'asar, ya kira ni zaure.

"Safiya, waɗannan mutanen da ke gudu a ciki, ke za ki ƙera su?"

"A'a, Baffa. Wani ne yake yin su. Ni fili kawai."

"To ki tsaya a fili. Gini, itace, ƙasa, duk ki yi. Amma abu mai rai, hannunki kada ya siffanta shi. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Baffa."

Ban ji nauyin alkawarin ba a ranar. Ni dama filin da babu kowa a ciki nake so, da inuwar raga a kwance a ƙasa, kamar safiya kafin gari ya tashi.

Babanki, Yaya Haruna, shi ne ɗan fari a gidan nan. Kin san al'adarmu: iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baffa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko da Yaya ya yi gemu ya haife ki. Sana'ar Yaya babur ce, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin nan da Maigatari, amma ransa yana ga ƙwallo. Gola ne. Filinsu yana bayan gari ta gabas, ana ce masa Filin Gawo saboda wani babban gawo da ke tsaye a bayan raga. Can suke karawa da 'yan Gagarawa, da 'yan tsallaken iyaka masu ce wa ƙwallo balo. Kafin a fara wasa yakan jingina da gawon, kafaɗarsa ta hagu a ɗan sauke saboda wata tsohuwar faɗuwa da ya yi da babur. Shi ne ya sayo mini kwamfutar da nake aiki da ita, ya ɗauro ta a bayansa da zane kamar jariri. Kullum sai ya leƙo ya tsokane ni.

"Injiniyar gida, yau wace ƙasar aka gina? Kin gina na Turawa, kin gina na Larabawa, mu namu filin laifin me ya yi?"

"Yaya, filinku ai ba fili ba ne, gona ce."

"Gonar da na hana mutum goma sha ɗaya cin abinci a cikinta! Ki gina, ki sa ni a raga, ki ga ko akwai wanda zai ci wasan nan."

Na ce sai na sami lokaci.

Yaya ya rasu ne da kaka, ranar kasuwar Maigatari, a kan hanyar dawowa, babbar mota ce ta buge shi. Ba zan faɗa miki fiye da haka ba, don ni ma ban nemi sanin fiye da haka ba. Shekararki biyu. Baffa ya karɓi gaisuwa a zaure kwana uku, fuskarsa kamar kullum, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Mai shi ya karɓi abinsa." Ko a cikin gida ban ga hawayensa ba, kuma a raina na riƙe shi da wannan, Allah ya yafe mini. Mahaifiyarki, Anti Saratu, ta shiga takaba a ɗakinta. Ba a yi wata biyu ba sai muka ji mai gonar ya sayar da Filin Gawo, za a kewaye shi a yi wurin ajiye riɗi. Ranar da na ga an fara sauke bulo a wurin, na dawo gida na buɗe kwamfuta na rubuta wa Nura cewa fili na gaba namu ne.

Mako uku na yi ina gina shi, da rana, lokacin da sola ke da ƙarfi. Turakun raga na itace, ɗaya ya ɗan karkace. Katangar makarantar da ke kudu. Kututturen da dattawa ke zama a kai. Ƙasar kuwa na shimfiɗa mata koren nan da muke sa wa duk filayenmu, ban ko yi tunani ba, hannuna ne ya saba. Na kafa gawon a bayan raga. Da na gama, na juya filin ta kowane gefe, komai yana wurinsa, amma kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Wata ranar Talata da hantsi, ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, na fara jera alwatika a gindin gawon. Ƙafa, riga, wuya. Ban yi masa ido ba, ban yi masa baki ba, na ce wa kaina ai abin da ba shi da fuska ba siffa ba ce. Sai na kama kusurwa ɗaya ta kafaɗar hagu na ja ta ƙasa kaɗan. Da na saki, Yaya ne a tsaye. Alwatika ɗari uku da goma sha biyu. Na rufe bakina da mayafi don kada Inna ta ji ni.

Na aika wa Nura, ya kira ni kafin azahar.

"Malama Safiya, filin ya yi. Amma kin haura ƙa'ida da ɗari uku da wani abu. Wane ne wannan ɗan kallon guda ɗaya tal? Ko shi ne mai gonar yana jiran a tashi ya yi shuka?"

"Yayana ne."

Nan take Nura ya gane. Ya san an yi mana rasuwa.

"Allah ya jiƙansa. Ki gafarce ni. Amma wallahi wayoyin ba su san wannan ba. Ko shi, ko bishiyar, ɗaya sai ya rage."

Na zaɓi bishiyar ta rage. Na sare rassanta ɗaya bayan ɗaya har ta koma sanda da dunƙulen kore a kai, irin wadda yara ke zanawa a allo. Lissafi ya daidaita, Yaya ya tsaya.

Da na bar abin a nan, wataƙila da ba ki taɓa jin labarin ba. Amma na ga mahaifiyarki tana ramewa, ba ta ci, ba ta magana, sai na ce bari in faranta mata. Na kira ta ɗakina na nuna mata. Ba ta yi kuka ba. Ta matso har numfashinta ya taɓa gilashin, ta ce, "Juya min shi." Na juya. Ta ce, "Ƙara." Washegari bayan la'asar ta dawo. Jibi ma haka. Ta fara zuwa da ke a goye, ta kwance ki ta ɗora a cinya, ta kama ɗan yatsanki ta nuna.

"Ga Baba. Ce Baba, sannu da aiki."

Ke kuma ki ce. Daga nan ta fara ba shi labarin gida, wai akuya ta haihu, wai kin yi sabon haƙori, wai wane ya zo gaisuwa bai ko zauna ba. Wata rana na ji ta ce masa, "Ka daɗe a tsaye, ba ka gaji ba?" Na so in hana ta, amma na kasa, don ni ma in ta fita haka nake yi, sai dai ni a zuci.

Inna ce ta gaya wa Baffa, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Baffa ba ya shiga ɗakin 'ya'yansa mata. Rannan da safe, bayan an fita da shanu, na ji sallamarsa a bakin ƙofata. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna, ya ajiye sandarsa.

"Nuna min."

Na buɗe, na juyo masa da kwamfutar. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan wace ƙasa ce?"

"Filin Gawo ne, Baffa."

"A'a. Ƙasa kore, gawo kore? A ina kika taɓa gani? Gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da sauran itatuwa ke yin nasu. Sai ƙasa ta bushe yake tohowa, shi ya sa dabbobi ke samun inuwa da abinci a gindinsa da rani. Kuma yaushe aka taɓa buga ƙwallo a kan ciyawa a wurin nan? Da damina gero ne a ciki. Sai an yi girbi an kwashe kara suke shiga, kunyoyin ma ba su gama kwanciya ba." Ya nuna da haɓa. "Wannan kuma ba gawo ba ne, tsintsiya ce. Na wurin reshe uku ya yi, ɗaya ya miƙo ta kan raga."

Kunya ta kama ni. A garin aka haife ni, na wuce gawon nan sau ba adadi, amma shekarun makaranta da filayen wasu ƙasashe sun rufe mini ido. Sai ya kai dubansa gindin bishiyar, inda tun farko yake kauce wa. Na yi sauri na ce, "Ba shi da fuska, Baffa."

"Na gani. Amma na gane shi. Ke ma kin gane shi, yarinyar can ma ta gane shi. To me fuskar za ta ƙara?"

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ban zo da fatawa ba, Safiya, ni ba malami ba ne. Alkawari kuwa ke kika ɗauka, ke kika san inda kika ajiye shi. Abu ɗaya na zo faɗa. Mun wanke yaron nan, mun kai shi, mun kwantar da shi. Ke kin dawo da shi kin tsayar a rana, ba ya zama, ba ya tafiya. Matarsa ta kusa fita takaba, amma ba za ta fita ba muddin yana tsaye a nan. 'Yarsa kuma za ta tashi tana gaida abin da ba ya amsawa."

Ya ɗauki sandarsa zai tashi, sai ya tsaya, ya sake duban ragar.

"Kin manta ramin."

"Wane rami, Baffa?"

"A tsakiyar raga. Kafin a fara yakan sa dunduniyar dama ya tona ƙasa sau uku, ya tsaya a ciki. Duk shekara a wuri ɗaya, har garma ba ta iya shafe shi."

Na ɗago na dube shi. Baffa bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba, duk garin nan an sani.

"Ta nan burtali ya bi," ya ce, yana kallon ƙofa. "In ina dawowa da shanu, wani lokaci sukan tsaya cin 'ya'yan gawo. Ba a korar dabba tana ci."

Ya fita. Na zauna ina tuna shekarun da Yaya yake dawowa daga wasa yana ba da labari da ƙarfi a tsakar gida, yana satar kallon zaure ko Baffa na ji. Ya rasu bai san shanun suna tsayawa ba.

Ban goge shi a ranar ba. Kwana biyu na yi. Baffa bai sake tayar da maganar ba, kuma na san ba zai sake ba, ko na bar shi ko na cire. A rana ta uku na je ɗakin mahaifiyarki na durƙusa na gaya mata abin da zan yi, don ban so ta zo ta tarar babu. Ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Safiya, don Allah. Shi kaɗai ya rage min. Ki ɓoye shi, ba wanda zai sani."

"Anti, ni zan sani. Kuma za ki ce in buɗe miki, ni kuma ba zan iya hana ki ba."

"Ke kika ba ni shi. Ban roƙe ki ba."

"Haka ne. Laifina ne tun farko."

Ta saki hannuna ta juya ga bango. Na koma ɗaki, na zaɓi alwatikan nan ɗari uku da goma sha biyu, suka yi ja gaba ɗaya kamar yadda suke yi in an zaɓe su, na karanta masa addu'a, na danna. Ban ajiye kwafi ba. In wani ya ce miki akwai shi a wani wuri, babu.

Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage miki shi ba. Mahaifiyarki ta fita takaba ta koma gidansu a Gagarawa da ke, shekara guda cur ba ta yi mini magana ba. In na je, sai ta miƙo ki ta shige ɗaki. A bakin danginta ne maganar ta fito cewa na goge Haruna, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai da ta yi aure ta dawo da ke wurin Inna, rannan ta tsaya a ƙofata ta ce, "Ina wuni, Safiya." Daga nan muka ɗora. Har yau ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Kada ki ga laifinta. Ni na ba ta abu na ƙwace.

Filin kuwa na sake shi. Na kwashe koren na shimfiɗa rairayi, da sauran kunyoyin gero a gefe. Nura ya ce, "Wa zai zaɓi filin da ba ciyawa?" Na ce wanda ya taso a irinsa. Alwatika ɗari uku da suka fita daga jikin Yaya ban mayar wa Nura ba, na zuba su a gawon, na yi masa rassa uku, ɗaya ya miƙo ta kan raga, da ganyensa na rani. Goma sha biyun da suka rage na tsaga ƙasar tsakiyar raga da su, na yi ɗan rami daidai dunduniya. Dubu takwas cif. Gawon gaske an sare shi a shekarar da ta biyo, yanzu buhunan riɗi ne a wurin.

Baffa ba ya taɓa wasan, kuma har gobe ba ya kallon masu gudun nan. Amma in an zaɓi fili, kafin 'yan wasa su fito, akwai ɗan lokaci da ake nuna shi babu kowa, hoton ya taso daga katangar makaranta, ya bi ta kan rairayi, ya tsaya a raga ta gabas. Wani lokaci da yamma, in ya dawo daga garke, yakan ce mini, "Buɗe min wurin nan." Sai ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya kalla, da ya ji an busa usur sai ya miƙo mini. Bai taɓa cewa komai ba, sai sau ɗaya da ya ce ramin ya ɗan yi hagu. Na gyara.

To Ummi, amsar tambayarki ita ce e, ni na goge shi, da hannuna, ba wanda ya tilasta mini. In kin girma kin ga na yi kuskure, ki zo Gumel ki faɗa mini, zan saurare ki. Amma kafin nan ki karɓi wayar Inna, ki zaɓi Filin Gawo, ki dubi raga ta gabas. Duk golan da aka sa a wurin, na kowace ƙungiya, a cikin ramin Babanki yake tsayawa, inuwar reshen nan a kansa. Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa ya huta.